Milimita 44: Yadda Porsche Ta Raba 911 Gida Biyu A Zamanin 997

Tsakanin 2004 da 2012, masana'antar Porsche da ke Zuffenhausen, a arewacin birnin Stuttgart na Jamus, ta riƙa fitar da wani zubi na motarta mai gudu, 911, wanda ake kira 997. Suna ɗaya, tsayi kusan ɗaya, gilashin gaba da siffar ƙofofi duk tsari ɗaya, amma bodin iri biyu ne. Akwai mai faɗin milimita 1,808, akwai mai 1,852. Tazarar milimita 44 ke nan, kuma dukkanta a baya take, a ƙugun motar, wato fendar da ta lulluɓe tayoyin baya. In aka raba biyu, kowane gefe ya tashi da milimita 22, ko inci ɗaya bai cika ba.

Ga abin gwadawa. Toyota Camry ta 2007, wadda dillalan mota a Najeriya ke ce wa Muscle, faɗinta milimita 1,820 ne. Siririyar 997 ba ta kai ta ba, mai faɗin kuma ta ɗara ta kaɗan. A takarda dai abin bai taka kara ya karya ba. Amma a ajiye motocin biyu a jere a leƙa su ta baya, ko wanda bai damu da mota ba zai ce ɗayar ta fi zama daram a ƙasa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. A kan wannan ɗan bambanci ne masu saye suka biya ƙarin kuɗi, masu sayen wili na hannu suka yi asara, kuma har yau shi ne abu na farko da mai neman 997 ke tambaya bayan lafiyar inji.

Wa ya samu wanne

Carrera da Carrera S, masu jan tayoyin baya kaɗai, siririn bodi aka yi musu. GT3 ma haka, duk da cewa mota ce ta filin tsere da ta fi su tsada nesa ba kusa ba. Mai faɗin ya tafi ga Carrera 4 da Carrera 4S masu jan tayoyi huɗu, da Targa, wadda a wannan zubin ba a yi ta ba sai da jan tayoyi huɗu, da Turbo, da GT2, da GT3 RS. Can wajen ƙarshen zamanin aka ƙara Sport Classic a 2009, guda 250 kacal, sai Speedster guda 356 da Carrera GTS a 2010.

Ruɗanin yana farawa ne daga rubutun da ke bayan motar. Mutane da dama sun ɗauka harafin S alamar faɗi ne, kuma ba su rasa dalili ba, domin a zubin 993 na tsakiyar shekarun 1990 Carrera S bodin Turbo gare ta, mai milimita 1,795, yayin da Carrera zalla ke da 1,735. A 997 kuwa S ɗin girman inji yake nufi, lita 3.8 maimakon 3.6, da manyan birki da wili inci 19. Ƙugunta bai ƙaru da komai ba. Wasu kuma suka kama lambar 4, suka ce duk inda ka gan ta mota mai faɗi ce. A 997 maganar ta yi daidai. A zubin da ya gabace ta, 996, ba ta yi ba: Carrera 4 ta lokacin siririya ce kamar 'yar'uwarta, sai Carrera 4S kaɗai aka ba bodin Turbo mai milimita 1,830. Ƙa'idar da mutum ya haddace a zubi ɗaya, in ya ɗauke ta zuwa wani zubin sai ta yaudare shi. Ƙari a kan haka, Porsche na ba mai saye zaɓin a cire masa rubutun bayan tun daga masana'anta, sannan manna harafi a bayan mota aikin minti biyar ne ga duk wanda ya so.

Daga ina faɗin ya samo asali

Injin 911 a bayan tayoyin baya yake zaune, a wurin da sauran motoci ke da but. Sama da kashi 60 cikin ɗari na nauyin motar a kan tayoyin baya yake. Wannan na taimaka mata wajen tashi, domin nauyin yana danne tayoyin da ke tura ta, amma a kwana sai nauyin ya nemi ya yi waje da bayan motar. Maganin da injiniyoyin suka daɗe suna amfani da shi shi ne a ba bayan taya mai faɗi fiye da ta gaba, a kuma buɗa ratar da ke tsakanin tayoyin bayan biyu. Taya mai faɗi kuwa sai da wurin zama.

911 ta farko, wadda aka nuna a Frankfurt a 1963, faɗinta milimita 1,610 ne, tayoyinta huɗu girma ɗaya. Carrera RS 2.7 ta 1973 ita ce aka fara ba wili mai faɗin inci 6 a gaba da 7 a baya, aka ɗan buɗa mata fendar baya domin ya shiga. Sai Turbo ta farko, 930, da ta shiga kasuwa a 1975 da ƙarfin doki 260 da faɗin milimita 1,775. A wancan lokacin ba maganar ado ba ce. Ƙarfin injin yakan zo ne bagatatan idan turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, ta kama, kuma in babu wadatacciyar taya a baya motar na iya juyawa da direba a tsakiyar kwana.

Abin da ya biyo baya shi ne ya canja lissafin. Jama'a suka ƙyalla ido a kan ƙugun 930, har waɗanda ba su da kuɗinta ko ba su son halinta suka fara kai motocinsu ana yanka fenda ana yi musu waldar mai faɗi. Porsche ta ga kuɗi na wucewa ta ƙofarta, sai a 1984 ta fito da zaɓi mai lamba M491: Carrera 3.2 ta yau da kullum, amma da bodi da birki da ƙafafun Turbo. Motar ta fi siririyar nauyi, iska ta fi riƙe ta, saboda haka ba ta kai ta gudu ba. An biya ƙarin kuɗi an sayi raguwar gudu, kuma masu sayen sun sani sarai. Tun daga nan faɗin ya zama haja mai zaman kanta.

Me milimita 44 ɗin ta yi a 997

A ɗauki Carrera S da Carrera 4S na rukunin farko, kafin gyaran fuskar 2008. Injinsu ɗaya, lita 3.8, doki 355. Tayar gaba ɗaya, 235/35 a kan inci 19. A baya S na da 295/30, ita kuwa 4S 305/30. Faɗin wilin bayan duka inci 11 ne, amma ba a wuri ɗaya suke zama ba. A jikin kowane wili akwai wata lamba da aka buga bayan haruffan ET, wadda ke nuna nisan da ke tsakanin tsakiyar wilin da fuskar da ake ɗaure shi a jikin mota. In lambar ta yi yawa wilin ya shige ciki, in ta ragu ya fito waje. Na S ET67 ne, na 4S ET51. Kowane wili ya matso waje da milimita 16 ke nan, ratar tayoyin baya ta tashi daga 1,516 zuwa 1,548.

Lissafin yana da daɗin bi. Wili ya fito da 16, taya ta ƙara faɗin 10 wanda rabinsa, 5, ke ɓangaren waje. An samu 21. Fenda kuwa an buɗa ta da 22. Babu wani wuri da aka bari a banza, ƙarfen ya bi tayar ne sau da ƙafa.

To me direba ya samu? Buɗa ratar tayoyi na rage nauyin da ke komawa kan tayar waje idan an shiga kwana, amma 32 cikin 1,516 kashi biyu ne da ɗigo cikin ɗari. Ƙarin milimita 10 a taya 295 shi ma kashi uku ne da 'yan kai. Gwanin da ke zagaya filin tsere na Nürburgring a Jamus da agogo a hannu yana iya jin wannan. Mai zuwa ofis da dawowa ba zai taɓa kai motar inda zai ji ba. Akwai ma wani abu da ba a cika faɗa ba: in aka ƙara wa baya riƙo aka bar gaba yadda yake, motar takan ɗan ƙara nauyin kai, ka murɗa sitiyari gaban ya nemi ya zarce. Shi ya sa wasu direbobin ke cewa siririyar ta fi saurin amsa kira.

Ta ɓangaren asara kuma, 4S ta fi S nauyi da kilo 55, 1,475 da 1,420, ko da yake mafi yawan wannan na kayan da ke kai ƙarfi tayoyin gaba ne, ƙarfen fenda kaɗan ne a ciki. Iyakar gudun S kilomita 293 a awa, na 4S 288. Daga tsaye zuwa 100 kuwa kamfanin ya ba su lokaci ɗaya, daƙiƙa 4.8. But ɗin gaba na 4S ya ragu zuwa lita 105 daga 135, saboda wurin da kayan jan gaban suka ci. Cikin motar kuma ko kaɗan bai ƙaru ba. Kujerun bayan nan biyu da babba ba ya iya zama a kansu suna nan yadda suke, domin faɗin duk a wajen ɗakin yake.

Tambayar da ta fi muhimmanci a wurina ita ce ko jan tayoyi huɗu na buƙatar wannan ƙugun. Tarihin motar da kansa ya ba da amsa. Carrera 4 ta zubin 964 da ta fito a ƙarshen shekarun 1980, da ta 993, da ta 996, duk da siririn bodi aka saba yin su, kuma babu wadda ta kasa aiki. Kayan da aka ƙara wa mai jan huɗu a gaba da ƙarƙashin tsakiya suke, ƙarin faɗin kuwa a baya. Abin da ya faru a 997 shawara ce ta kasuwa: wanda ya biya ƙarin kuɗin jan tayoyi huɗu yana son a gani daga nesa, jan tayoyi huɗu kuwa ba a ganinsa da ido. Sai aka ba shi abin da ake gani. A 2008 ma aka ƙara masa jan layi mai ƙyalli tsakanin fitilun baya, irin wanda 996 Carrera 4S ta yi suna da shi, don kada a yi kuskure.

Ba ina cewa duk ado ba ne. A Turbo, mai doki 480 a 2006, da GT2 mai 530 da ke tura duk ƙarfin ta tayoyin baya kaɗai, faɗin na aiki ne, kuma a jikin fendar tasu akwai kafar da ke shigar da iska wurin na'urar sanyaya iskar turbo. GT3 da GT3 RS na rukunin farko sun fi kowa bayyana lamarin. Injinsu ɗaya, doki 415. GT3 siririya, RS mai faɗi, kuma duk da haka RS ta fi ta sauƙi da kilo 20 saboda an rage nauyi a wasu wuraren, har gilashin baya na roba aka sa wa ta Turai. Dokokin tseren motoci sun tanadi cewa motar tsere ta samo asali daga wadda ake sayarwa a kasuwa, shi ya sa aka gina RS a kan bodin da 'yan tsere ke buƙata. A rukuni na biyu, da RS ta kai doki 450, tayar baya ta koma 325, ta gaba 245, har sai da aka ɗora wa fendar gaba wani ɗan leɓe domin ta rufe tayar. Nan kam taya ce ta kira ƙarfe.

Sai GTS a 2010, wadda ta tona asirin gaba ɗaya. Jan tayoyin baya kaɗai, kamar Carrera S, doki 408 maimakon 385 na S ta lokacin, amma a bodin Carrera 4. An raba faɗin da dalilin da aka saba jingina shi da shi, aka sayar da shi tsagwaronsa. Kasuwa ta karɓa hannu biyu, kuma GTS ta zama dindindin a jerin 911 daga nan.

Inda abin ke cizo

Kama da wane ba ta wane, kuma a wurin gyara ne ake gane haka. Wanda ya sayi wilin bayan Carrera S na hannu ya ɗaura wa 4S, kusoshi biyar ɗin za su shiga lafiya lau, sai dai tayar za ta nutse cikin kogonta, motar ta yi kamar an ba ta aron ƙafafu. In aka juya, aka sa na 4S a siririya, tayar za ta leƙo waje, kuma tana iya gogar leɓen fenda idan an faɗa rami ko an yi lodi. A hoto wilin biyu ba su da maraba, ado ɗaya, inci ɗaya. Sai an juya bayansa an karanta lambar ET. Akwai farantin ƙarfe da ake sakawa tsakanin wili da mazauninsa domin a turo shi waje, kuma yana aiki, da sharaɗin a sa dogayen kusoshi daidai da kaurinsa. A Jamus irin wannan canjin sai da takardar amincewa, wani lokaci sai masu duba lafiyar mota irin su TÜV sun gani sun sa hannu. Akasin haka kuwa babu dabara: wilin da ya fito waje da yawa ba a mayar da shi ciki.

Bambar baya ma ba ɗaya ba ce, haka robar da ke cikin kogon taya. Kuma ko a tsakanin masu faɗin, fendar Turbo mai kafar iska daban take da ta Carrera 4, duk da cewa tef zai ba ka lamba ɗaya. Wannan ya shafi masu sayo motocin da suka yi haɗari daga gwanjon Amurka su kawo gida a gyara. Motar da aka daka ta baya, in aka yi odar kayanta da sunan "911 ta 2007" kawai, ana iya biyan kuɗin jirgi da na kwastan a kan bambar da ba za ta haɗu da fenda ba. Da lambar shasi ake yin oda. A ƙarƙashin murfin but na gaba kuma akwai takardar da aka manna mai ɗauke da lambobin abubuwan da motar ta fito da su daga masana'anta, in ba a canja murfin ba.

Mayar da siririya mai faɗi kuwa babban aiki ne. Fendar gaba kusoshi ke riƙe da ita, ana kwancewa. Ta baya a 997 ƙarfe ce da aka yi wa walda da sauran bodin, ta haɗe da ginshiƙin rufi. Sai fanel bita ya yanka, ya yi walda, ya bi da maganin tsatsa, a sake fenti, a sayi bamba da wili da taya. In an gama, lambar shasi tana nan tana cewa Carrera ce, kuma mai saye da ya san abin da yake yi zai rage kuɗi ne, ba zai ƙara ba, domin ba shi da tabbacin ko yankan na sha'awa ne ko na ɓoye haɗari. A nan Chevrolet Corvette ta zamanin ta fi sauƙin sha'ani. Ita ma tana da wannan rabon: zubin C6 zalla inci 72.6, Z06 da Grand Sport inci 75.9, tazarar da ta kusa ninka ta Porsche. Amma fatun bodinta ba ƙarfe ba ne, kuma ɗaure su aka yi, don haka masu ita kan kwance su ɗaura masu faɗi ba tare da wuta ta taɓa motar ba.

Wajen shiga gareji ko matsattsen layi, bambancin bai kai yadda ake zato ba. Faɗin da ake rubutawa a takardar mota ba ya haɗawa da madubin gefe, madubin kuma shi ne ya fi komai fitowa, a jikin ƙofa yake, kuma ƙofar ba ta matsa ba. A manyan hanyoyin Jamus, idan ana aiki aka matse layin hagu aka kafa allon iyakar faɗi, da madubi ake aunawa. Abin da mai faɗin ke fama da shi na daban ne: gaba ya wuce lafiya, direba ya saki jiki, sai wilin baya ya goga bakin kwalbati. Tsakuwar da tayar gaba ke watsowa ma ƙugun take samu, shi ya sa ake manna wata fatar roba a gaban kogon tayar baya tun daga masana'anta.

Yadda aka rufe babin

Zubin 991 da ya zo a 2011 ya ƙara rabon ne, ya zama gida uku. Carrera ta tsaya a 1,808, Carrera 4 da GTS da GT3 suka hau 1,852, Turbo da GT3 RS suka tafi 1,880. A lura GT3 ta bar sahun sirara. Da aka zo bikin cikar 911 shekara 50 a 2013, motar tunawa da aka yi guda 1,963 ita ma jan baya ce a bodi mai faɗi. Duk wani abu na musamman da kamfanin ke son sayarwa da tsada, sai ya ɗauko ƙugun.

A Nuwamban 2018, a bajekolin motoci na Los Angeles, aka nuna 992, kuma siririn bodi ya tafi. Kowace Carrera, jan baya ko jan huɗu, milimita 1,852 ce, an kuma buɗa gaba da milimita 45, wanda ya gyara wancan rashin daidaito na ƙara wa baya riƙo a bar gaba. Layin fitila mai ratsa baya, da a da alamar mai jan huɗu ce, shi ma aka ba kowa. Ga masana'anta wannan sauƙi ne, domin kowane irin fenda na buƙatar nasa ƙarfen bugu mai tsada, ga shi kuma a 992 fatar bodin ta koma alminiyom. Ga mai saye kuwa, Carrera mafi araha ta yau faɗinta daidai yake da na Turbo ta 2006.

Rabon bai mutu ba, ya matsa sama ne. Turbo ta 992 milimita 1,900 ce, GT3 RS ma haka, tazarar 48 ke nan tsakaninsu da sauran. A 2022 aka sake fito da Sport Classic guda 1,250: bodin Turbo, jan tayoyin baya, giyar hannu, an kuma toshe kafofin iskar gefe domin ƙugun ya fito sumul. Wanda kuma ke son 911 da ba ta kai Camry faɗi ba, sai dai ya nemi ta hannu, daga 991 Carrera, Carrera S ko Carrera T zuwa baya.